Na Bi Kwalbar Jini Har Ɗakin Gwajin Lassa

Duk shekara idan hunturu ya kankama, labarin zazzabin Lassa sai ya dawo kan teburinmu a gidan rediyo. Hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, NCDC, za ta fitar da alƙaluman mako, mu mayar da su Hausa, mai karanta labarai ya ce mutum kaza sun kamu, kaza sun rasu, a Ondo da Edo da Bauchi da Taraba, daga nan a tsallaka labarin siyasa. A cikin kowane rahoto akwai jimlar da ba ta canzawa, wato "gwaji ya tabbatar". Wa ya yi gwajin, a ina, da me, babu mai tambaya a ɗakin labarai. Masu sauraro kuwa, duk ranar da aka buɗe layin waya a shirin lafiya sai wani ya tambayi inda ake kai jinin da ake ɗiba a jikin mutane. Shi ya sa na roƙi editanmu ya bar mini minti 20 na shirin, in je in gani.

Ya yarda, amma da nasa lissafin. "Malama, ki samo mana Farfesa ya yi magana da bakinsa. In akwai sabon nau'in cutar, ko sun kusa gano magani, shi za mu sa a gaba." Ban ja da shi ba a lokacin, don na san in na fara gardama tun daga nan, kuɗin mota ma ba zai fito ba.

Ɗakin binciken da na zaɓa yana cikin wani asibitin koyarwa a nan Arewa, kuma mun yi da su ba zan kama suna ba. Wasiƙa na fara rubutawa a takarda mai tambarin gidan rediyonmu, zuwa ga shugaban asibitin. Daga ofishinsa ta gangara wurin jami'in hulɗa da jama'a, daga can ta isa hannun Farfesan da ke shugabantar ɗakin binciken, ta kwanta. Da na ga shiru ya yi yawa sai na je da kaina na zauna a bencin ƙofar ofishinsa har ya fito zai tafi masallaci.

"Ranka ya daɗe, ni ce mai wasiƙar gidan rediyo."

"Na ganta, Hajiya. Me kike so ki ce mun gano?"

Da dariya ya faɗa, amma ba wasa yake ba. Bayan sallah ya zaunar da ni ya ba ni labarin wani ɗan jarida da ya taɓa zuwa, aka yi masa bayanin gwaji tiryan-tiryan, washegari labari ya fito cewa an samu maganin cutar. Sai ga mutane da marasa lafiyansu a bakin ƙofa, wasu daga nesa, suna neman maganin da babu shi. Wanda ya rubuta ya wuce abinsa, su aka bari da bai wa mutane haƙuri.

Tsoron masana irinsa ga 'yan jarida yana da tushe fiye da wannan. A watan Nuwamba na 2021, Sikhulile Moyo da abokan aikinsa a Gaborone ta ƙasar Botswana, da su Tulio de Oliveira a Afirka ta Kudu, suka lura da wani sabon nau'in korona, suka sanar da duniya ba tare da ɓata lokaci ba. Ranar 26 ga watan Hukumar Lafiya ta Duniya ta raɗa masa suna Omicron. Kafin a ce kwabo kafafen yaɗa labarai sun liƙa wa cutar sunan yankin, ƙasashe sun rufe ƙofofinsu ga matafiya daga kudancin Afirka, a farkon Disamba Birtaniya ta haɗa har da Najeriya, sai tsakiyar watan ta janye. Waɗanda suka fara gani saboda sun fi sa ido, su aka mayar kamar su suka kawo. Duk mai aiki a irin wannan ɗaki ya san labarin nan. A ɓangaren masu sauraronmu kuma akwai wani tabon. Mutanen Kano ba su manta da gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi a kan yara 200 lokacin annobar sanƙarau a 1996 ba, wanda shari'arsa ta kai har 2009 kafin a sasanta, kuma zargin da ya sa aka dakatar da rigakafin shan inna a 2003 ya sha ruwa daga wannan rijiyar. Saboda haka mai yin rahoto da Hausa a kan jini da bincike yana tsakanin mutane biyu ne, kowanne yana ɗari-ɗari da ɗan'uwansa.

Sharuɗɗan da ya gindaya mini ba su da yawa. Ba hoton takardar marar lafiya, ba sunan kowa, ba sunan unguwa ko ƙauyen da jini ya fito. Ba zan taɓa komai ba. Kuma duk jimlar da ta shafi yadda gwajin ke aiki zan karanto musu ita a waya kafin a watsa. Na amince da wannan na ƙarshe bisa sharaɗi nawa, cewa jimlolin kimiyya kawai za su ji, sauran rahoton ba nasu ba ne. Ya ɗan yi shiru, ya ce to.

Kafin ranar zuwa na zauna na karanta yadda manyan kafafe suka yi rahoton irin waɗannan ɗakuna a Najeriya, kuma kusan duk hanyar da ka bi a garin Ede na jihar Osun take sauke ka, a ACEGID, cibiyar binciken gadon ƙwayoyin cututtuka ta Jami'ar Redeemer's, wadda Farfesa Christian Happi, haifaffen Kamaru, ke shugabanta. Sun cancanci yabon. Da aka tabbatar da mutum na farko mai korona a Najeriya a ƙarshen Fabrairu 2020, wani ɗan Italiya, cikin 'yan kwanaki suka karanta jerin gadon ƙwayar cutar, karo na farko da aka yi haka a nahiyar Afirka. A 2025 mujallar Time ta sa shi cikin mutane 100 mafi tasiri a duniya. Abin da ya tsaya mini shi ne fasalin rahotannin, kusan duk iri ɗaya ne: mutum ɗaya cikin farar riga, a tsaye gaban na'ura, ya ceci ƙasa. Ko labarin Ebola na 2014, lokacin da Patrick Sawyer ya sauka Legas daga Laberiya ɗauke da cutar a watan Yuli, sau da yawa suna ɗaya ake ji, alhali ɗakin gwajin Farfesa Sunday Omilabu na asibitin koyarwa na Jami'ar Legas yana cikin aikin tabbatar da cutar tun daga farko, ban da Dokta Stella Adadevoh da ta hana marar lafiyar fita daga asibiti, ta kamu, ta rasu. Laifin ba na wanda aka yaba ba ne. Namu ne, mu da muke ganin labari ba ya tafiya sai da gwarzo guda. Na ƙudura nawa rahoton zai bi kwalba ne, duk hannun da ta faɗa shi zan saurara.

Ranar da na je, wata matashiyar masaniya aka haɗa ni da ita, wadda a hannunta yawancin aikin yau da kullum yake. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Anti, sai kin cire zobe da awarwaro, mayafin ma a bar shi a nan." Na ɗaura ƙaramin hijabi na tura shi cikin riga, aka ba ni rigar aiki mai dogon hannu, takunkumi, safar hannu, da takalmi rufaffe. Rikodata ta sa a leda ta ɗaure. Littafin rubutuna kuwa ta ce in bar shi waje, sai daga baya na gane dalili.

Jinin yana zuwa ne a kula mai ƙanƙara, cikin rufi uku: 'yar kwalbar da jinin ke ciki, an naɗe ta da abin da zai tsotse shi in ta fashe, an sa ta a wani mazubi mai murfi, shi ma an sa shi a wani. Tare da shi akwai fom ɗin da likita ko jami'in sa ido kan cututtuka ya cika. Abu na farko da aka yi a gabana shi ne ba shi lamba, kuma daga wannan tebur ba a sake ambaton sunan mai jinin ba. Wanda ke aiki a ɗakunan ciki lamba kawai yake gani. Wannan ɗan bayanin, da ban ɗauke shi komai ba a lokacin, shi ya fi amfanar masu sauraro daga baya.

Ɗakin da ake buɗe kwalbar ba a bar ni na shiga ba, ta gilas na leƙa. Ƙwayar cutar Lassa tana cikin rukuni mafi haɗari, don haka a cikin wani rufaffen akwatin gilas ake buɗe ta, mai aiki ya zura hannayensa ta wasu dogayen hannayen roba da ke manne da akwatin. A nan ake zuba wa samfurin sinadarin da ke farfasa ƙwayar cutar, ta mutu, abin da ya rage shi ne saƙon gadonta, wanda ake kira RNA. Mutumin da ke ciki ya fi kowa kusa da mutuwa a ginin nan, kuma ban taɓa ganin irinsa a talabijin ba, don babu abin kallo a aikin nasa. A hankali yake motsi, yana goge kowace kwalba kafin ta fito. Na tuna likitoci biyu da cutar ta kashe a Kano a farkon 2020, na ja baya daga gilas ɗin ba tare da na shirya ba.

Daga nan sai tacewa, a raba RNA ɗin daga sauran tarkacen jini ta hanyar wanki da juyawa a na'ura, har a samu ɗan ruwa garau a gindin kwalba, bai kai ɗigon hawaye ba. A wani ɗaki daban, mafi tsafta a ginin, ake haɗa sinadaran gwaji, kuma ba a taɓa shigar da jinin kowa cikinsa. A nan ta bayyana mini dokar da ta hana ni littafi. Tafiya a ginin hanya ɗaya ce, daga ɗaki mai tsafta zuwa ɗakin na'ura, ba a juyowa. Wanda ya shiga ɗakin ƙarshe ba ya komawa na farko a ranar, ko biro ba ya komawa, kuma kowane ɗaki da rigarsa. Dalili shi ne gwajin yana da tsananin ji, ƙurar da ido ba ya gani daga gwajin jiya in ta faɗa cikin sinadaran yau, sai ta sa a ce mai lafiya yana da Lassa. Ke nan ni ma dole in yi duk tambayoyin da nake da su a kowane ɗaki kafin in fita, babu "af, na manta".

Gwajin da ake yi sunansa PCR. Wani Ba'amurke mai suna Kary Mullis ya ƙirƙiro dabarar a 1983, ya samu kyautar Nobel a 1993. Na ce mata ta yi mini bayani yadda kakata za ta gane. Ta yi tunani ta ce, a ce an ba ki buhun gero, ana zargin akwai ƙwayar dawa ɗaya a ciki. Maimakon ki zauna tsinta, sai ki sa wani abu da zai sa dawar kawai ta riƙa ninka kanta, ɗaya ta zama biyu, biyu ta zama huɗu, har ta yi yawan da ba sai an nema ba. In babu dawar tun farko, komai daɗewa gero za ki gani. Da wannan muryar tata na buɗe rahoton, ban ƙara ko kalma ba.

A aikace, na'urar tana fara mayar da RNA zuwa DNA, wato irin saƙon gadon da ake iya kwafa, sannan ta riƙa ɗumama 'yan kwalaben zuwa kusan digiri 95 tana saukowa wajen 60, tana maimaitawa sau 40 zuwa 45. Kowane zagaye ninki ne, kuma ninki 30 ya haura biliyan ɗaya. Sinadarin da ke yin kwafin, asalinsa daga wata ƙwayar halitta aka samo shi da ke rayuwa a maɓuɓɓugan ruwan zafi na Yellowstone a Amurka, shi ya sa zafin ba ya lalata shi. Idan kwafin ya taru sai ya ba da haske, kwamfuta ta zana layi yana hawa. Layin da ya tashi da wuri yana nuna ƙwayar cutar tana da yawa a jinin. Lassa kuma tana da wata matsala tata: iyalanta sun bambanta sosai, irin da ake samu a kudu daban da wanda ya fi yawa a wajejen Filato da Bauchi, shi ya sa ake neman wurare biyu a jikin gadonta a lokaci guda, in ɗaya ya kuɓuce ɗaya ya kama.

Abin da ya fi burge ni kwalabe biyu ne da babu jinin kowa a cikinsu. Ɗaya an san tabbas akwai alamar cutar a ciki, dole layinta ya tashi. Ɗaya ruwa ne zalla, dole layinta ya kwanta. In ruwan ya nuna cuta, ko waccan ta ƙi nunawa, gaba ɗaya aikin ranar ya tashi a banza, sai a sake daga farko, ko da kuwa likita yana ta kira daga ɗakin marasa lafiya, ko da kwamishina ne ke jira. Na tambaye ta ko hakan na faruwa. Ta ce yana faruwa, kuma ranar da ta fi alfahari da aikinta ita ce ranar da ta ƙi sa hannu a sakamako. Wannan ba zai taɓa zama kanun labarai ba, amma in aka tambaye ni me "gwaji ya tabbatar" ke nufi, kwalbar ruwan nan zan nuna.

Ga mai aikin rediyo, wurin nan wahala ne. Babu sauti. Mutane ba sa hira a kan aiki, na'urar ba ta ƙara, abin da rikoda ke kamawa sai gurnanin firizar da ke riƙe sanyi a digiri 80 ƙasa da sifili. Abokan aikinmu na talabijin su ma suna da tasu matsalar, don duk ruwan da ake aiki da shi fari ne kuma ɗan mitsitsi. Wani ma'aikaci ya gaya mini cewa masu kyamara kan roƙe su su zuba ruwa mai launi a babbar kwalba su ɗaga sama suna kallo, abin da ba wanda ke yi a aikin gaske. Sun daina yarda. Ni kuwa sai Allah ya kawo mini sauti ba tare da na roƙa ba: ana tsakiyar gwaji wuta ta ɗauke, batirin ajiya ya fara ƙara ɗiit-ɗiit, hira ta tsaya cak, kowa ya zuba wa na'urar ido har aka ji janareto ya tashi daga bayan gini. In na'urar ta mutu a tsakiya, sinadaran da aka sayo daga waje da dala sun tafi, marar lafiya kuma ya ƙara jira. Daƙiƙun nan na sa su a rahoton yadda suke, ban yi magana a kansu ba.

Da la'asar na zauna da Farfesa, na yi masa tambayar edita, don amana ce. Akwai sabon nau'i? Ya ce na'urar da na gani ba ta amsa wannan tambayar, ita dai akwai ko babu ta sani. Sanin nau'i sai an karanta jerin haruffan gadon ƙwayar cutar gaba ɗaya, aikin da suke tura wa manyan cibiyoyi. Sai ya tuna mini 2018, shekarar da Lassa ta yi tashin da ba a taɓa ganin irinsa ba a lissafin Najeriya zuwa lokacin, aka yi ta fargabar ko cutar ta rikiɗe ta fara yaɗuwa tsakanin mutane da sauri. Masana na Ede da na asibitin Irrua a jihar Edo da abokan aikinsu na waje suka karanta gadon ƙwayoyin da aka samu a jikin marasa lafiya, sakamakon ya fito a mujallar likitoci ta New England a shekarar. Ba sabon nau'i ba ne, iyalan da aka sani ne, kuma yawancin mutanen daga ɓera suka ɗauka kowa da nasa, ba daga juna ba. Amsar ta kwantar da hankalin hukumomi, ta nuna inda za a sa ƙarfi. Amma labarin da ke cewa "ba abin da muke tsoro ba ne" bai samu rabin filin da fargabar ta samu ba.

Maganar magani kuwa gajeriya ce. Su gwaji suke yi, ba haɗa magani ba. Ribavirin ne likitoci ke bayarwa, kuma ya fi amfani in an fara shi a kwanakin farko na ciwon, shi ya sa saurin sakamako yake da muhimmanci. Allurar rigakafi da aka amince da ita babu tukuna, ana kan gwajin wasu. Na ce masa cutar da aka fara ganewa tun 1969 a garin Lassa na jihar Borno, lokacin da wata ma'aikaciyar jinya ta mishan ta kamu aka kai ta Jos ta rasu, har yau babu rigakafi? Ya ce a wancan lokacin sai da aka kai jinin Jami'ar Yale a Amurka kafin a san mene ne, yau kuwa a ginin nan ake sani cikin yini. Na lura bai amsa tambayar ba, na kuma bar ta a rahoton haka, da tambayar da amsar.

Wani abu ya ba ni haushi, kuma har yanzu bai sake ni ba. Na zo ne don in fito da masu aikin hannu, sai ga ƙa'idar aikin gwamnati ta ce ƙaramin ma'aikaci ba ya magana da 'yan jarida sai da izini. Farfesa ya ba da izinin a yi amfani da muryarta, amma ban da suna. Ke nan a rahoton da na shirya don kada a ce mutum ɗaya ne ke aikin, shi kaɗai ne mai muƙami, ita kuwa "wata ma'aikaciya". Da na nuna mata damuwata sai ta ce, "Anti, bar shi haka. In maƙwabta suka ji da Lassa nake aiki, wa zai ci abincin gidanmu?" Ban yi tunanin wannan ɓangaren ba sai da ta faɗa.

A ɗakin tace sauti aka yi gardamar da na ɗage tun farko. Edita ya saurara har ƙarshe ya ce aiki ya yi kyau, sai dai babu labari. Ya rubuta tallar shirin da hannunsa, wai masana sun bankaɗo sirrin zazzabin Lassa.

"Yallaɓai, ba su bankaɗo komai ba. In muka faɗi haka, ƙofar nan ta rufu, ba mu kaɗai ba, har wanda zai zo bayanmu."

"To me zai sa mai shayi ya ƙara murya?"

Tambayarsa tana kan hanya, ba zan ce ba. Gidan rediyo da talla yake rayuwa, kuma shirin da ba a saurara ba bai amfani kowa ba. Muka yi ta ja har muka tsaya a kan tambayar da masu sauraro da kansu suke yi: ina ake kai jinin da aka ɗiba a jikinka? Ita ta zama tallar. Na kira ɗakin binciken na karanto musu jimlolin kimiyya kamar yadda muka yi alkawari. Abu ɗaya suka nemi a ƙara, cewa idan an ɗibi jini da wuri sosai gwaji na iya ƙin nunawa, don haka in likita ya ce a sake, ba wai an yi wasa da na farko ba ne. Na ƙara. Farfesa ya so ya ji yadda na yanka hirarsa, na tuna masa sharaɗina, ya yi dariya ya bari.

Da aka watsa shirin muka buɗe layi, tare da wani likita a sutudiyo. Babu wanda ya tambayi Mullis ko Yellowstone, kuma dama na yanke yawancinsu. Wani dattijo ya ce shi dai a gaya masa gaskiya, sayar da jinin ake yi wa Turawa? Likitan ya bayyana cewa abin da ake ɗiba bai cika cokali ba, ragowar ko a ajiye a firiza da lamba ko a ƙona, kuma fitar da samfur ƙasar waje don bincike sai da amincewar kwamitin ɗa'a da yarjejeniya a rubuce. Dattijon ya ce ya ji, amma zai ci gaba da sa ido. Na ce masa, Baba, haka ake so. Wata mata ta tambaya ko kowane ɓera ne, aka ce mata wanda aka fi sani da ɗaukar cutar shi ne mai nonuwa da yawa, amma tunda ba wanda zai tsaya ƙirga, a rufe abinci, a daina shanyar hatsi da rogo a ƙasa a bakin titi, a toshe ramukan rumbu. Wani ya ce ƙaninsa ya warke amma ya daina ji sosai, likitan ya ce hakan na samun wasu daga cikin waɗanda suka tashi, a kai shi asibitin kunne.

Kiran da ya fi tsaya mini daga wani ma'aikacin ƙaramin asibiti ne a karkara. Ya ce ya ji na ce ana samun sakamako cikin yini, to su nasu yakan yi kwanaki kafin ya dawo, wani lokaci bayan an yi jana'iza. Gaskiya ya faɗa, ni ma gaskiya na faɗa. Ni daga ƙofar ɗakin bincike na fara ƙirga, shi daga hannun marar lafiya. Tsakanin nan akwai jami'in sa ido na ƙaramar hukuma da ke ɗaukar kula a bayan babur, akwai neman ƙanƙara a garin da babu wuta, akwai jiran motar da za ta shiga birni, kuma duk wannan babu ko ɗaya a cikin minti 20 ɗina. Bayan shirin na karɓi lambarsa daga mai kula da layi. Edita ya ba ni wani filin a wata mai zuwa, wannan karon daga asibitin nasu zan fara, in hau babur ɗin tare da kular.